Daga Zariya Zuwa Bagega a Tsakiyar Bazara

Na bar Zariya cikin watan Afrilun 2017, lokacin da annobar sanƙarau take kan ganiyarta a Zamfara. Aikina gwajin jini da ruwa ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma wani tsohon abokin karatuna, ma'aikacin lafiya a Anka, ya daɗe yana matsa mini in je in ga ƙauyukan masu haƙar zinare da gubar dalma ta hallaka wa yara a 2010. Cewa yake yi mu mutanen ɗakin gwaji a kan gilashi muka san ƙwayar cuta, ba mu san inda take kwana ba. Iyalina ba su so tafiyar ba, saboda cutar da ake ta bayar da labarinta a rediyo da kuma ɓarayin shanun da suka addabi dajin yankin, amma da na yi allurar rigakafi, mahaifiyata ta sa mini albarka, sai na kama hanya.

Mota ƙirar Sharon na shiga a kan naira 2,000, muka bi ta Giwa da Funtuwa da Sheme ba tare da wani abin faɗa ba. Daga Yankara ne shingayen bincike suka fara yawa, har ya zama direba ba ya mayar da takardunsa aljihun mota, a cinya yake ajiye su. A wani shinge kafin Tsafe an sauke mu duka an buɗe jakunkuna, wani jami'i ya ɗaga ƙananan kwalaben ɗibar ruwa da na taho da su yana tambaya ko na sayen zinare ne. Na nuna masa katin aikina, ya ce in yi masa addu'a, domin ƙaninsa yana kwance da sanƙarau. Muka wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, muka shiga Gusau bayan la'asar.

Ɗakin da na kama a Gusau naira 5,000 ne, kuma da aka kashe janareta da tsakar dare sai barci ya gagara. Zariya ma tana zafi a Afrilu, amma iskarta takan ɗan yi sanyi kafin asuba; ta Gusau kuwa busasshiya ce, tana ƙona hanci, ga wata ƙura mai laushi da ke kwanciya a kan komai ko da an rufe taga. A irin wannan yanayi sanƙarau yake samun ƙofa. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaronsu lafiya lau, ba ta yi musu komai, sai busasshiyar iska da ƙura sun raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sannan ta samu hanyar shiga jini ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa annobar take tashi tsakanin hunturu da bazara a yankin da ya taso daga Senegal har Habasha, kuma take lafawa da zarar ruwan sama ya sauka. Rigakafin da aka fara yi a Najeriya a 2011 na nau'in A na ƙwayar cutar ne, ya kuwa yi aiki sosai, sai nau'in C ya maye gurbinsa, shi ne ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016. Kafin annobar ta ƙare an ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar, sama da 1,100 suka rasu. A teburin mai shayi da safe babu hirar da ake yi sai ta maganar gwamnan jihar na lokacin, wanda ya danganta cutar da saɓon Allah da mutane suke yi. Babu musulmin da zai ƙi a yi masa nasiha da tuba, amma yaran da suka fi mutuwa ba su kai shekarun saɓo ba, kuma abin da ya yi ƙaranci a asibitoci a makonnin nan allura ce da magani.

Daga Gusau zuwa Anka naira 800 na biya. An bi hanyar Sakkwato ta Bungudu da Maru, a mararrabar Mayanci aka karya hagu. Abokina ya tarbe ni a tasha, ya sauke ni a gidansa, maiɗakinsa ta aiko da fura mai sanyi da tuwon dawa miyar kuka, kuma a kan tabarmar ƙofar gida muka raba dare yana ba ni labarin 2010 kamar yadda ya gani da idonsa.

Ya ce agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyukan, babu wanda ya kula. Daga nan yara ƙanana suka shiga amai da ciwon ciki da jijjiga, su suma, cikin 'yan kwanaki a kai su makwanci. Tunda lokacin zafi ne, kowa sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya zata, har da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka zo sa ido kan sanƙarau a watan Maris na shekarar. Sun ba da maganin cututtukan biyu, yara ba su daina mutuwa ba, sai da aka aika jini waje aka gwada sannan aka gane dalma ce. A nan na fara fahimtar abin da ya sa abokina ya nace in zo: guba da ƙwayar cuta sun zo a lokaci ɗaya, da alamomi iri ɗaya, a jikin yara ɗaya, har ɗaya ta ɓoye ɗayar. Binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Ana fara ba yaro maganin fitar da dalma idan ta kai mikrogiram 45 a kowane desilita na jini, na'urar auna dalmar da masu binciken suka zo da ita kuwa iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa. A ƙalla yara 400 aka ƙiyasta sun mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Tungar Daji.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Farashin zinare ya tashi a duniya bayan rikicin tattalin arziƙin 2008, dutsen da ake haƙowa a yankin kuma ya zo da dalma mai yawa a cikinsa. Maza suka riƙa kawo shi cikin gida a buhu, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, mata suna daka shi a turmin da suke daka gero, ana shanya garinsa a tsakar gidan da jarirai suke rarrafe. A Amurka, a lokacin, iyakar dalmar da aka yarda da ita a ƙasar wurin wasan yara kashi 400 ce cikin miliyan. A wasu wuraren sarrafa dutse na waɗannan ƙauyuka an auna sama da 100,000, ma'ana fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da ake takawa dalma ce.

Washegari bayan sallar asuba muka ɗauki 'yan acaɓa biyu zuwa Bagega, kowanne naira 1,500 zuwa kaɗai. Tafiyar kusan awa biyu ce a kan turba mai yashi da kwazazzabai, muna ƙetare busassun rafukan da abokina ya ce da damina sukan raba garin da Anka kwana da kwanaki. Sau biyu 'yan sa-kai masu bindigar toka suka tsayar da mu, suka gane abokina, suka ce mu tabbata mun juyo kafin la'asar. Abin da ya fi yawa a hanyar babura ne ɗauke da buhunan dutse, da samari masu diga da shebur, wasunsu da jin hausarsu ka san daga Nijar suka zo.

Mun fara da gaisuwa a fadar mai garin, kamar yadda ya kamata ga baƙo. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ganin gari ne da neman sani." Ya haɗa mu da wani dattijo ya zagaya da mu. Bagega ce ta fi sauran ƙauyukan girma, ita ce kuma ta fi daɗewa tana jiran a kwashe mata guba. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011 da taimakon kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho a Amurka, ita kuwa aka bar ta don babu kuɗi, yara kimanin 1,500 suna jira. Likitoci ba su iya fara ba su magani ba, saboda babu amfanin fitar da dalma daga jinin yaron da zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi ita. Sai da matasa suka tayar da gangamin neman ceto garin a intanet, sannan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a Janairun 2013. Dattijon ya nuna mini yadda aka yi: gida-gida aka bi ana kankare saman ƙasa, ana zuba sabuwa mai tsabta, gurɓatacciyar kuma aka kai bayan gari aka binne a manyan ramuka.

Wurin niƙan dutse yanzu yana wajen gari, kuma nan na fi daɗewa. Tun daga nesa ake jin ƙarar injuna. Ana fasa dutse da guduma, a niƙa shi ya zama gari, a wanke garin a kan wani katako mai gangara da aka shimfiɗa wa kafet, abin da ya maƙale a kafet a zuba shi a kwano a haɗa da zaiba, ƙarfen nan mai guba da yake gudana kamar ruwa, a murza da hannu tsirara har zaibar ta kama zinaren, sannan a ƙona dunƙulen a wuta zaibar ta tashi hayaƙi. Masu aikin injin sun yi fari fat kamar waɗanda suka faɗa buhun gari, kuma da waɗannan tufafin da yawansu za su koma gida su ɗauki 'ya'yansu. Abokina ya ce ta haka dalma take sake shiga gidajen da aka share, shi ya sa har yanzu suke samun yaran da aka haifa bayan aikin sharar da guba a jininsu. Na ga 'yan mata masu tallar abinci sun ajiye kwanukan shinkafa da wake a buɗe, taku kaɗan daga bakin injin.

Na tambayi wani saurayi mai wanke gari ko ya san abin da wannan ƙasa ta yi wa garinsu. Ya ce ya sani sarai, ƙannensa biyu ta kashe. "To Malam, mi za mu ci?" in ji shi. Ya ce gonar mahaifinsu tana nan, amma damina ta zama abin da ba a iya dogara da shi: ruwa ya sauka a yi shuka, ya ɗauke mako uku shuka ta ƙone, a sake, sannan a watan Agusta ya zo da ƙarfi ya kwashe taki da ƙasa ya bar kwazazzabo. Gonakin da ke nesa da gari kuma tsoron 'yan bindiga ya hana zuwa. A rana mai kyau, in ji shi, yakan samu a wurin wanki abin da ba zai samu a mako guda na ƙwadago a gona ba. Ban iya yi masa gardama ba, kuma abin da ya faɗa game da ruwa ya dace da abin da masana suka auna da tauraron ɗan'adam: yawan manyan guguwowin ruwan sama a yankin Sahel ya ninka sau uku daga 1982 zuwa 2016, saboda Sahara tana ƙara zafi. Duk wanda yake wa waɗannan mutane wa'azin su bar haƙa ba tare da ya kawo musu abin da za su ci ba, ɓata bakinsa yake yi. Abin da zai yiwu shi ne a riƙa niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta, a yi wurin wanka da sauya tufafi a bakin aiki, a hana yara da abinci zuwa wurin.

Ƙasa da wurin wankin akwai kududdufi, inda ruwan wanki yake gangarawa. A ƙarshen rani ya janye ya zama kore mai kauri, amma na tarar da shanu suna sha, yara suna wanka, wata mata tana ɗiba a jarka. Na tsuguna a bakinsa na cika kwalabena, ina tunanin abin da yake faruwa a cikin taɓon da ke ƙasa, domin nan ne aikina ya haɗu da na masu haƙa. Zaibar da ta zube ba ta zama yadda take. Akwai bakteriya masu rayuwa a taɓo inda babu iska, waɗanda suke juya ta zuwa wani nau'i mafi haɗari, mai taruwa a jikin kifi, ya shiga wanda ya ci, ya ƙetare mahaifa ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Irin wannan nau'in ne ya nakasa mutanen Minamata a Japan cikin shekarun 1950, kodayake can masana'anta ce ta zubar da shi a teku. Ɗumin ruwa yana ƙara wa waɗannan ƙwayoyi kuzari, haka ma cikar kududdufi da janyewarsa.

Abu na biyu ya fi damuna a matsayina na mai gwaji. Idan ƙarfe mai guba ya yi yawa a ruwa ko ƙasa, ƙwayoyin da ba su iya jure shi suna mutuwa, masu juriya su yaɗu. Matsalar ita ce dabarar da bakteriya take fitar da ƙarfe daga jikinta wani lokaci ita ce take fitar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa gadon juriyar zaiba da na juriyar magani suna tafiya tare a kan ɗan guntun ƙwayar halitta guda, wanda bakteriya suke miƙa wa junansu ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Saboda haka kududdufin da ya haɗa ruwan wanki da kashin shanu da na mutane wuri ne da ƙwayoyi masu gagarar magani za su iya yawaita ko da ba a taɓa zuba magani a cikinsa ba. Abokina ya ce gudawa da gyambon da a da suke jin magani mai arha yanzu sukan yi taurin kai. Babban abin zargi a nan shi ne shan kafso barkatai daga kemis da 'yan tallar kasuwa, abin da muke fama da shi a Zariya ma, sai dai mu ba mu da tafkin zaiba a bayan gida da zai ƙara wa wutar itace.

Da damina kuma lissafin yana sauyawa. Ruwa mai ƙarfi yana wanke tarin ƙasar da aka gama wankewa ya kai ta fadama da gonaki, ya cika masai ya tura ƙazanta cikin rijiyoyin da ba su da murfi. A 2010 ɗin da ake fama da dalma, ambaliya ta ci Sakkwato da Kebbi da Jigawa, kwalara kuma ta kashe sama da mutum 1,500 a Najeriya, ruwan sama ya tsayar da aikin sharar ƙauyukan na wani lokaci. Ramukan haƙa da aka bari a buɗe suna riƙe ruwa su zama gidan sauro. Dalma tana hana jiki yin jini, zazzaɓin cizon sauro yana fasa wanda aka yi, kuma yaron da cikinsa babu abinci ya fi tsotse dalma daga hanjinsa fiye da ƙoshasshe, balle in jikinsa yana ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini. Ko gonar ba ta tsira ba, domin ƙwayoyin da suke zama a saiwar gyaɗa da wake suna samar wa ƙasa taki ba sa jure ƙarfe mai guba. A takarda, sanƙarau da kwalara da tamowa da gubar dalma kowanne da ofishinsa da kasafinsa, har ma'aikatun lafiya da muhalli da ma'adinai kowacce da nata shirin. Uwa kuwa yaro ɗaya take goyowa zuwa asibiti da dukansu a jikinsa.

Kafin mu juyo, dattijon ya kai mu zauren gidan ƙanwarsa, wata tsohuwa da ta rasa jikoki uku a shekarar gubar. Na gaishe ta na ce, "Inna, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu." Ta amsa, ta kira wani yaro mai kimanin shekara tara ya zo ya zauna kusa da ita. Ya rayu bayan jijjigar, ya sha maganin tsawon watanni, amma ba ya gani sosai, maganarsa ba ta fita, kuma an gwada kai shi makarantar allo abin ya gagara. Maganin yana rage dalmar da ke jini, ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu. Tsohuwar ta ce ita da hannunta ta daka dutsen, domin a lokacin kuɗin dakan kwano ɗaya ya fi na surfen gero nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa dutse yana kisa. Yanzu ta hana a shigo mata gida da ko tsakuwa daga wurin aiki, 'ya'yanta maza kuma sai sun yi wanka a waje sun sauya riga. Ta ce maƙwabtanta ba duka suke yin haka ba, musamman masu tsoron a sace musu dutse in sun bar shi a daji.

Mun ci ɗanwake a bakin kasuwa a kan naira 100, na sayi ruwan leda duk da ban san daga inda aka ɗebo shi ba, muka hau babura rana tana tsaka don cika sharaɗin 'yan sa-kai. Na sake kwana a Anka, da safe na shiga motar Gusau. Wanda ya zauna kusa da ni mai haƙa ne ɗan Bukkuyum, da ƙullin kayansa da ƙaramin sikeli a aljihu, zai wuce jihar Neja inda ya ji an samu sabuwar jijiyar zinare. Na tambaye shi ko ya ji labarin Shikira a ƙaramar hukumar Rafi, inda irin wannan guba ta kashe yara 28 a 2015, shekara biyar bayan ta Zamfara. Ya ce ya ji, amma shi ba ya zuwa da iyali, kuma duk inda ya sauka yakan gaya wa masu gida kada su bari a niƙa dutse a cikin gari, wasu su ji, wasu su ce baƙo ne yake son ya raba su da arziƙinsu. A Gusau muka rabu, ya nemi motar Kontagora, ni kuma na samu ta Zariya da ta rage mutum ɗaya. Shingayen dawowa ba su tsananta ba, sai dai tayarmu ta fashe kusa da Sheme, muka yi sallar magariba a gefen titi, ban isa gida ba sai bayan isha'i. Duka tafiyar, da mota da masauki da acaɓa da ɗan abin da na bar wa tsohuwar, ta ci mini kusan naira 20,000.